Nauyin Jiki da Kwaɗayin La'asar

Ka taɓa hawa sikeli da safe, ka sake hawa da yamma, sai ka ga nauyinka ya ƙaru? Kada hankalinka ya tashi. Nauyin mutum yakan hau ya sauka da kilo 1 zuwa 2 a yini ɗaya, ko da lafiyarsa ƙalau. Abin da ya ƙaru ba kitse ba ne, domin kitse ba ya taruwa a yini guda.

To, mene ne ya ƙaru? Yawanci ruwa ne da abinci. Fiye da rabin jikin ɗan Adam ruwa ne, kuma lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Duk abin da ka ci ko ka sha, sikeli zai nuna shi har sai ya fita ta gumi, fitsari ko bayan gida. Gishiri ma yana sa jiki ya riƙe ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a rana, wato kusan cokalin shayi ɗaya. 'Yan mata kuma sukan ga nauyinsu ya ɗan ƙaru kafin al'ada, daga baya ya koma daidai.

Wanda bai san haka ba yakan yi kuskure. Da ya ga nauyinsa ya hau, sai ya ƙi karin kumallo don ya rame. Zai tafi makaranta da yunwa, ya kasa mai da hankali a aji. Da la'asar kuwa, sai kwaɗayi ya kama shi, ya sayi biskit, cincin, fanke da lemun kwalba. A ƙarshe ya ci fiye da abin da ya guje wa da safe.

Me ke kawo wannan kwaɗayi? Burodi, farar shinkafa da kayan zaƙi suna narkewa da sauri, sukari ya hau cikin jini. Jiki sai ya fitar da wani sinadari mai suna insulin don ya rage shi. Idan sukarin ya sauka, yunwa ta dawo tun ba a daɗe ba. Ban da haka, jiki yakan yi kasala bayan azahar, musamman idan ba a sami isasshen barci ba. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma rashin barci yana ƙara son zaƙi.

Maganin kwaɗayin la'asar daga safe yake farawa. Ka karya da abin da ke daɗewa a ciki, kamar ƙosai da koko, alale ko dafaffen ƙwai. Da rana ka haɗa shinkafarka da wake, kifi ko ganye irin su alayyafo da zogale. Idan yunwa ta taso da la'asar, ka fara shan ruwa, sannan ka ci gyaɗa kaɗan, gwaba ko lemo. Ka kuma motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum, ko da tafiya ce ko wasan ƙwallo.

Idan za ka auna nauyinka, sau ɗaya a mako ya isa. Ka auna da safe kafin ka ci abinci, a kan sikeli ɗaya. Ka tuna cewa jikinka yana girma, don haka ƙaruwar nauyi a hankali ba cuta ba ce. Kada ka sha maganin rage ƙiba ba da izinin likita ba. Amma idan kana ramewa ba dalili, ga yawan ƙishirwa da yawan fitsari, ko ƙafafunka suna kumbura, ka gaya wa iyayenka su kai ka asibiti. Hausawa sun ce, lafiya uwar jiki.

Tambayoyi
1. Me ya sa nauyi yake canjawa a yini ɗaya?
2. Wane kuskure mai ƙin karin kumallo yake yi?
3. Kawo abinci uku da suke daɗewa a ciki.