Tsabta a Wurin Gini: Magana ga Masu Zuwa Cin Rani Kaduna

Da an gama sussukar dawa an ɗinke buhuna, sai samarinmu su fara ɗaura kaya. Daga ƙasar Lere da Kauru da Ikara, har Malumfashi da Kafur, mota tana zubar da su a tashar Kawo. Kashegari da sassafe ka gan su a bakin hanya da shebur da diga, suna jiran mai gini ya zo ya ɗiba, a kai su Malali, ko Unguwan Rimi, ko Mando. Wannan ba abin kunya ba ne. Kuɗin takin zamani da na garmar shanu a ƙungiyoyinmu da yawa daga kwanon sarki yake fitowa. Amma ba kuɗi kaɗai suke komowa da shi ba.

A ranin da ya wuce wani ɗan ƙungiyarmu ya dawo gida tun kafin Ista, idanunsa sun yi ɗorawa, fitsarinsa kamar baƙin shayi. A asibiti aka ce ciwon hanta ne, irin wanda ake sha a ruwa. Sharar gona ta wuce yana kwance, abin da ya tara kuma ya tafi a magani da kuɗin mota. Dattawa suka ce in je in ga inda ya yi aikin, gama akwai sauran yaranmu huɗu a can.

Gidan sama ne ake ginawa a bayan Kawo, wajen Unguwan Dosa. A bakin ƙofa na tarar da bokiti mai famfo, irin wanda aka yi yayi lokacin korona, amma ƙusoshi ne a ciki. A tsakar fili akwai duro ɗaya na ruwa. Daga shi ake kwaɓa siminti, a cikinsa ake tsoma shebur, daga shi kuma ake sha, da moɗa ɗaya da aka yanko daga tsohon galan. Na tambayi bayan gida, sai wani yaro ya nuna mini wani ɗakin ƙasa da ba a gama ba, yana dariya. A sito kuwa, inda ake ajiye siminti, nan mutum goma sha suke kwana, taga a toshe da kwali saboda hunturu, ga gari da shinkafa a buɗe, ga kashin ɓera a gindin bango.

Helman wurin, wani dattijo Musulmi mai kirki, ya ce mini, “Malam, ai mun yi feshi. Lokacin korona har mutane muka fesa a ƙofar nan.” Na ce, “Baba, na yarda. Amma cutar ba ta ƙofa take shigowa ba.”

Bari mu tuna yadda aka yi. An sami mai korona na fari a Nijeriya a Legas ran 27 ga Fabrairu 2020. Kafin Maris ya ƙare an hana fita dare da rana a Kaduna, gwamnan lokacin, Malam Nasiru El-Rufa’i, ya sanar cewa shi ma ya kamu. Tsoro ya sa aka shiga fesa tituna da kasuwanni da motoci. Amma tun watan Mayu na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce feshin titi ba shi da amfani, gama ƙasa da datti suna cinye ƙarfin maganin, fesa mutum kuma yana cutar idonsa da fatarsa da huhunsa. Daga baya ya bayyana sarai cewa korona ta fi bin iska, daga numfashin mai ita zuwa na kusa da shi, musamman a ɗakin da yake a rufe. Watau mai aiki a sarari a kan bene ba shi ne a bakin haɗari ba. Haɗarin yana sito da dare, da cikin motar da ake cusa leburori. Maganin wannan ba feshi ba ne. A cire kwalin nan daga taga, a sayi bargo, mai tari da zazzaɓi kuma a ware masa wurin kwana. Haka yake ga mura mai tsanani da ƙyanda.

Ciwon da ya kwantar da ɗan’uwanmu hanyarsa dabam ce. Ƙwayarsa tana fita a cikin bayan gida, ta hau hannu, hannu ya kama moɗa, moɗa ta nutse a duro, kowa ya sha. Mai ɗauke da ita yakan baza ta tun kafin idonsa ya sāke launi, saboda haka ba a gane shi da gani. Irin wannan ciwon hanta ya yi ɓarna a Diffa ta Nijar da Ngala ta Borno a 2017, mata masu ciki ne kuwa suka fi mutuwa. A tuna da wannan, gama saurayi yakan warke, amma matarsa da ya koma wurinta fa?

Nan ne tsabta take da aiki sosai, ba kuwa tsada gare ta ba. Ruwan sha ya sami jarkarsa mai murfi, a tafasa shi ko a sa masa maganin tsabtace ruwa bisa ga yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a riƙa tsiyayawa, kada a tsoma kome. Kowa da kofinsa. A haƙa masai a nesa da rijiya tun ranar da aka fara haƙa harsashi, a yi masa murfi. Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san a Maimaitawar Shari’a sura 23 an umarci mayaƙan Isra’ila su keɓe wuri a bayan zango, su haƙa su rufe. Ashe tsohuwar doka ce. Kusa da masan a rataye galan mai huda da igiya da sanda, yadda za a taka da ƙafa ruwa ya zubo, a ɗaura sabulu a gefe. A cuɗa hannu da kumfa kamar daƙiƙa 20, bayan an fito, da kuma kafin a ci abinci. In sabulu ya ƙare, toka ta fi babu. Ruwan shafawan nan mai ƙamshi da ake sayarwa a ’yar kwalba ba ya aiki a hannun da siminti da laka suka rufe.

Sa’an nan ga ɓera, wanda mu ’yan ekklisiya ya kamata mu fi kowa sani. A 1969 ne wata nas mai suna Laura Wine ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa, aka kawo ta Jos ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta rasu. A 1970 likita Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawa a Jos, ta bi su. Daga sunan garin nan cutar ta sami suna. Wani irin ɓera mai nonuwa da yawa ne yake ɗauke da ita, yana zubar da ita a fitsari da kashi a kan abinci da tabarma. Da rani take tashi, daidai lokacin cin rani. Ba labarin nesa ba ne, gama a Fabrairu 2024 ta kashe mutane a asibitin sojoji na 44 a cikin Kaduna, har da ma’aikatan asibitin. Cikin mutum biyar da suka kamu, wajen huɗu ba sa jin jiki sosai, amma wanda ta kayar tana iya kashe shi, cikin waɗanda suka tashi kuma akwai masu kurmancewa. Abinci ya shiga bokiti mai murfi. Kada a share kashin ɓera a bushe, ƙura ta tashi a shaƙa. A jiƙa shi da ruwan bilic tukuna, a kwashe da shebur, a binne. Masu gasa ɓera da dare kuma, ku yi haƙuri ku bari.

To, ga yadda ake haɗa ruwan bilic, gama nan mutane suke kuskure. A duba jikin robar. Yawancin Jik da Hypo na kasuwa ƙarfinsu kashi 3.5 ne cikin 100. Domin shafe benci, da hannun baro, da ƙofar masai, da inda ake ajiye kwanoni, awo 1 na bilic ne cikin awo 34 na ruwa, watau rabin lita cikin lita 17. A bar wurin a jiƙe aƙalla minti ɗaya. Domin jini, ko amai, ko zawo, ko kashin ɓera, awo 1 ne cikin awo 6, a bar shi minti 10. Amma fa sai an fara wanke datti da sabulu ko omo, in dai wurin mai wankuwa ne. Bilic a kan dauɗa asarar kuɗi ne. A haɗa sabo kowace safiya, a ajiye a inuwa, gama rana tana kashe shi. Kada a gauraya shi da wani maganin wanke masai, hayaƙinsa yana shaƙe mutum. Kada kuma a zuba shi a kwalbar lemo, akwai yara masu talla a wurin.

Wani ƙaramin abu: reza. Ran Asabar da yamma akan ga reza ɗaya ta zaga kawuna biyar. Ƙwayar ciwon hanta mai bin jini tana rayuwa kwana 7 ko fiye a busasshen jini. Reza kuɗinta nawa ne?

Dattijon nan ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi ba shi da ikon sa ɗan kwangila ya haƙa masai, amma in leburori suka haƙa bayan tashi daga aiki, zai ba da katako da tsohon kwano. Yaranmu huɗu da waɗansu Musulmi uku daga wajen Zariya suka haƙa a yamma biyu. Jarka da sabulu kuwa karo-karo suka yi.

Shawarar da zan kawo a taron ƙungiyoyi na bayan kaka ke nan. Kada yaranmu su tafi ɗai-ɗai. Su tafi rukuni, da babba ɗaya da zai lura da su. Ƙungiya ta ba kowane rukuni jarka, da bokiti mai murfi, da sandar sabulu, da robar bilic, a rubuta bashi ne, a biya in an dawo, kamar yadda muke yi da iri. Zumuntar mata ta ɗinka wa kowa jakar kofi da cokali. Wanda kuma ya dawo da zazzaɓi cikin mako uku da barin Kaduna, kada ya tsaya a kemis. Ya tafi asibiti, ya faɗa wa malamin asibiti inda ya yi aiki da inda ya kwana. Sakatarorin ƙungiyoyi su zo da sunayen masu niyyar tafiya bana.