Ƙullutun bishiyar da ya baƙanta alharinin Lyon

A ƙarni na 19, marinan Lyon a Faransa sun shahara da rina alharini baƙi ƙirin. Sirrin yana cikin ƙullutun bishiyar Quercus infectoria, wadda masani Olivier ya bayyana a littafinsa da aka buga a Paris a 1801.

Wani ƙwaro dangin zanzaro ne ke saka ƙwai a reshenta, sai wurin ya kumbura. Idan aka daka ƙullutun, aka haɗa ruwansa da sinadarin ƙarfe, sai ya baƙanta, kamar yadda bagaruwa ke yi.

Daga Halab ta Siriya ake kawo shi da tsada. Hakan ya sa marinan suka koma ga itatuwan gida, kafin rinin masana'antu ya ture su duka.