Sauya fad ɗin birkin jif a gida: Abin da mai mota a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi ya kamata ya sani

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Ƙaura Namoda ta ratsa Moriki zuwa Shinkafi, ko wadda ta bi ta Zurmi ta nufi Jibiya, ya san ba hanyoyi ba ne da direba ke son tsayawa a tsakiyarsu. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun koya wa mutane su fita da hantsi, su taka mota, su isa gida tun rana na sama. Sai dai motar da ake takawa haka, dole wani lokaci a buƙaci ta tsaya nan take: ga rami, ga shingen jami'an tsaro, ga dabba ta faɗo titi. Idan kuwa aka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya tana ninkuwa sau huɗu.

Abin da ke ɗaukar wannan nauyi wani ɗan falle ne da bai wuce tafin hannu ba, wanda makanikai ke kira fad. Kowace taya mai faifan birki tana da guda biyu, ɗaya ciki ɗaya waje. Idan direba ya taka birki, man birki ya tura fistin, fistin ya matse fad biyun a jikin faifan, gogayyar ta rage gudu. Kowace takawa tana cin wani abu daga jikinsu. Jif irin su Highlander da RAV4 da CR-V sun fi ƙananan motoci nauyi, balle a ce an loda iyali da buhunan hatsi, don haka cin ya fi yawa, musamman a tayoyin gaba waɗanda ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Ƙurar hunturu da taɓon damina kuma suna ƙara nasu.

Sabon fad yana da kaurin milimita 10 zuwa 12. Idan ya sauka zuwa milimita 3, lokacin sauyi ya yi. Yawanci akwai ɗan harshen ƙarfe a jikinsa da ke fara ƙara kamar fito idan ya kusa ƙarewa. Wannan gargaɗi ne. Amma idan ƙarar ta koma gurza, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, kuma faifan da ya fi fad tsada nesa ba kusa ba shi ke lalacewa. Da yawanmu mukan ƙara sautin rediyo a wannan mataki, mu ce sai an je Gusau.

Shin aikin gida ne? Ga mai natsuwa da kayan aiki, sauya na gaba ba shi da wuya, bai kamata ya wuce sa'a biyu ba. Wahalar tana wajen saye. Kasuwa cike take da jabu, kuma kwali mai kyau ba shaida ba ne. A tafi da shekarar motar da lambar jikinta, ko a ɗauki hoton tsohon fad ɗin a gwada. Kada a sayi wanda aka cire daga wata mota, ko da an ce na Beljiyam ne. Kuma saiti ake sauyawa, hagu da dama tare. Wanda ya sauya gefe ɗaya, motarsa za ta riƙa fizga gefe duk lokacin da ya taka birki.

Inda aka fi samun haɗari shi ne wajen ɗaga motar. Yawancin tsakar gidajenmu rairayi ne, jak kuwa nutsewa yake yi ko ya zame. A nemi daɓen siminti mai daidai, a ja birkin hannu, a tare tayoyin baya da dutse ko katako. A sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan a ɗaga. Jak na ɗagawa ne kawai, ba na riƙewa ba: a tokare motar da ƙafar ƙarfe da aka yi don haka, ko gungumen katako mai ƙarfi. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yakan farfashe ba tare da sanarwa ba. Tayar da aka cire a tura ta ƙarƙashin motar ta zama kariya ta biyu. Yara kuma a kore su daga wurin.

Bayan an cire taya za a ga gidan birkin da ya rungume faifan, wanda ake kira kalifa. Ƙusoshi biyu ne ke riƙe da shi ta baya. A kwance su da sifana, a zare shi, a rataye shi da waya a jikin sifirin. Kada a bar shi yana reto a kan tiyon man birki, domin tiyon na iya tsagewa ta ciki ido bai gani ba. A ɗauki hoto da waya kafin a zare tsofaffin fad ɗin, saboda a tuna yadda kowane ɗan ƙarfe ya zauna. Baƙar ƙurar da ke wurin a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura da baki. Ba ta da kyau ga huhu.

A nan ya kamata a dakata a dubi tsofaffin. Idan ɗaya ya cinye fiye da ɗan'uwansa sosai, alama ce ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu sun cije. A zare su, a goge, a shafa musu giris na birki. Giris ɗin da aka saba sa wa sauran sassan mota yana kumbura robar da ke rufe su. Shi ma faifan a shafa shi da yatsa bayan ya huce: idan ya yi kwari-kwari masu zurfi, ko sitiyari na rawa idan an taka birki, sabon fad kaɗai ba zai magance ba. Mafi ƙarancin kaurin da aka yarda faifan ya kai a rubuce yake a jikinsa.

Sai a mayar da fistin ciki a hankali da matsi, a ɗora tsohon fad a kansa don kada ya ji rauni. Yayin da ake turawa, man birki na komawa tankinsa da ke ƙarƙashin bonet. A sa ido kada ya tumbatsa, don yana cin fenti. A zaunar da sababbin, a tabbatar ko ɗigon mai ko giris bai taɓa fuskarsu ba, a mayar da kalifa, a ɗaure. Notocin taya ana ɗaure su ne a tsallake, wannan sai na daura da shi, a ƙarasa ɗaurin bayan an sauke motar.

Birkin baya wani lamari ne daban. A wasu motocin fistin ɗin murɗa shi ake yi, ba turawa ba, sababbin jif masu birkin hannu na maɓalli kuma sai an sa su a yanayin gyara tukuna. Wanda ya matsa da ƙarfi zai lalata abin da ya fi kuɗin aikin bakanike sau da yawa. Haka nan idan an ga mai na tsatsa, ko birki ya yi laushi kamar soso, aikin gareji ne.

Kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, a taka birki sau da dama har ya yi tauri, domin takawar farko bayan sauyi ƙasa take tafiya babu kamu. A duba man, idan ya ragu a cika da irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4, daga sabuwar gora. Sannan a gwada a cikin gari inda babu cunkoso: a kai gudun kilomita 50, a rage a hankali, a maimaita kamar sau goma don fad ya zauna a kan faifan. Idan tafiyar ta kasuwar Shinkafi ce ranar Alhamis, a yi aikin tun Talata, Laraba a yi yawo da motar cikin gari a sake duba notocin.