Hawan Keke Domin Waɗanda Ciwon Daji Ya Ɗauke

Duk wanda ya taɓa zama a gefen gadon amininsa, yana kallon ciwon daji na cinye shi sannu a hankali, likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, dangi sun duƙufa ga addu'a, har ajali ya cika, ya san cewa bayan an watse daga zaman ta'aziyya akwai wani nauyi da yake saura a zuciya, wato ganin cewa bai iya tsinana wa mamacin kome ba. A jihar Masacusets ta Amurka, wasu bayin Allah sun samar wa wannan nauyi mafita, kuma mafitar tasu keke ce.

Asalin al'amarin kuwa, wani saurayi mai suna Billy Starr ya rasa mahaifiyarsa a shekarar 1974 sanadiyyar sankarar fata, tana da shekara 49. A 1980 ya tara mahaya 36, suka tuƙa kekunansu har garin Provincetown da ke bakin teku, suka tara dala 10,200, suka miƙa wa cibiyar yaƙi da ciwon daji ta birnin Boston, wadda a yau ake kira Dana-Farber. Wannan tafiya, wadda ake kira Pan-Mass Challenge, ita ce ta ɗore har yau, ana yin ta kowane farkon watan Agusta, doguwar hanyarta ta kai kusan mil 190 cikin kwana biyu. A 2024 jimillar abin da ta tara tun kafuwarta ta haye dala biliyan 1.

Hikimar tsarin ita ce, kowane mahayi yana ɗaukar alkawarin tara wani adadi na dubban daloli daga 'yan'uwa da abokan arziki, in kuwa bai cika ba sai ya cike daga aljihunsa. Kamfanoni su ɗauki ɗawainiyar shiri, masu aikin sa-kai su ba da ruwa da abinci a hanya, ta yadda tun 2007 duk sisin da mahaya suka tara yana isa cibiyar ba tare da an taɓa shi ba. Da yawansu sukan rubuta sunan abokin da suka rasa a bayan riga ko a jikin keke, kuma cikin ayarin akwai waɗanda su da kansu suka yi jinyar cutar suka tashi.

Mai tambaya zai ce, mece ce fa'idar gumin rayayye ga wanda ya riga ya kwanta dama? Jawabin yana cikin tarihin cibiyar kanta, domin a 1947, lokacin da Dokta Sidney Farber, wanda ya kafa ta, ya fara gwada maganin aminopterin a kan yara masu sankarar jini, kusan babu yaron da yake tsira daga gare ta, alhali a yau, a ƙasashen da magani ya wadata, kimanin tara cikin goma na yaran da suka kamu da nau'inta mafi yawa suna rayuwa. Ba da wani abu aka cimma wannan ba face bincike na shekaru, bincike kuwa ba ya tafiya sai da dukiya.

Saboda haka mahayin ba ya riya cewa zai dawo da amininsa, kuma ba ya jayayya da ƙaddara. Abin da yake yi shi ne cika haƙƙin abota ta hanyar da ta rage masa, yana fatan alherin ya gudana, irin gudanar sadaka jariya, zuwa ga wani majinyaci da bai sani ba, wanda watakila nasa aminin ba zai zauna zaman makoki da wuri ba.