Kason Hasken Rana da Tsirrai Ke Amfani da Shi

Gabatarwa

Tsiro yana haɗa abincinsa ne a cikin ganye. Saiwa tana janyo ruwa, ganye yana shaƙar iskar kabon, sannan koren sinadarin da ke cikin ganyen, wato kulorofil, ya kama hasken rana ya sarrafa su zuwa sukari. Wannan aiki shi masana ke kira fotosintesis. Sai dai ba dukkan hasken da ke sauka a gona ne yake shiga wannan aiki ba. Wannan darasi zai nuna yadda ake ƙiyasta kason da yake shiga.

Rabe-raben Hasken Rana

Hasken rana gauraye ne, kamar yadda bakan gizo yake nunawa. Kimanin rabin ƙarfinsa hasken zafi ne wanda ido ba ya gani, kuma ganye ba ya haɗa abinci da shi. Wanda tsiro yake amfani da shi shi ne mai launuka daga shuɗi zuwa ja, wanda tsawon zangonsa ya kama daga nanomita 400 zuwa 700. Wannan kaso yakan kai wajen kashi 45 cikin ɗari. A shekarar 1972, masanin Birtaniya John Monteith ya ɗauke shi a matsayin rabi domin sauƙin lissafin amfanin gona a ƙasashe masu zafi.

Yadda Ake Lissafi

Mu ɗauki gonar dawa a Rurum Tsohon Gari, a ƙasar Rano. Da tsakar rana, idan sama ta washe, kowace murabba'in mita tana samun kimanin wat 1,000.

1. A cire hasken da ba ya haɗa abinci: saura 450.
2. A cire wanda ganye yake mayarwa ko yake ratsa shi, musamman kore: saura kimanin 400.
3. A cire wanda yake salwanta wajen sarrafawa da numfashin tsiro: abin da zai iya zama kara da ganye da zangarniya bai wuce 60 ba.

Wato iyakar abin da dawa da gero da masara da rake za su iya adanawa kashi 6 ne cikin ɗari. Shinkafa da alkama da wake da gyaɗa kuwa ba sa wuce kashi 4.6. A gona ta zahiri, da wuya a wuce kashi 1 zuwa 2 a tsawon damina.

Abin da Ke Hannun Manomi

Lissafin da ya gabata ya ɗauka cewa ganye ya rufe ƙasa ruf. Amma a farkon damina, lokacin da shuka take ƙarama, mafi yawan hasken a kan ƙasa yake faɗuwa. Manomi ba shi da iko da hazon hunturu ko gajimaren marka, amma yana da iko da yawan ganyen da zai tare haske. Shi ya sa shuka da wuri, da cike gurbi, da noman ciyawa a kan kari, da sanya taki suke ƙara yabanya. Haka nan sanya wake a tsakanin gero da dawa hikima ce, domin waken yana cin hasken da ya tsallake dogayen karare.

Gwaji a Aji

Gani ya kori ji. Malami ya sami igiya, ya yi mata ƙulli 100 bisa tazara ɗaya, ya shimfiɗa ta a gicciye ƙarƙashin shuka da tsakar rana. Ɗalibai su ƙirga ƙullin da ke inuwa. Idan 60 ne, to shukar ta tare kimanin kashi 60 na hasken, wato wat 270 daga cikin 450.

Kammalawa

Rana ba ta yi wa ƙasar Hausa rowa ba. Abin da yake rage amfanin gona shi ne ƙarancin ganyen da zai tare hasken, da ƙarancin ruwa da takin da za su raya ganyen.

Auna Fahimta

1. Me ya sa ganye yake da launin kore?
2. Idan ƙulli 30 ne a inuwa, wat nawa shukar ta tare?