Ƙyallin Tayil Ba Shi Ne Tsabtar Asibiti Ba

Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini.

Mu masu sayar da dabino a Dutse mun sani, sai ka ga ƙwara tana sheƙi, ka ɓare ka tarar da tsutsa. To, haka tsabtar asibiti take. Bana na yi jinyar ɗana kwana 9 a wani asibiti. Tayil sai ƙyalli, amma tsumma ɗaya na ga an goge gado da hannun ƙofa da bakin famfo.

Na tambayi wata ma'aikaciyar jinya, yaya ake gane wuri ya tsabtatu? Ta ce ido ba ya ganin ƙwayar cuta, shi ya sa ake da hanyoyin gwaji. Akan ɗiga wani ruwa marar launi a ƙarfen gado kafin shara, daga baya a haska da tocila ta musamman. In ɗigon yana nan, ba a goge wurin ba. Akan kuma shafa auduga a wurin a kai ɗakin gwaji, bayan kwana 1 ko 2 a ga abin da ya tsiro. Akwai ma ƙaramar na'ura mai auna datti kafin minti guda.

Ina roƙon hukumomin lafiya na Jihar Jigawa su wadata asibitocinmu da waɗannan kaya, masu shara kuma a ba su horo da isassun tsummoki. Mu masu jinya, mu riƙa wanke hannu da sabulu, kada mu kai ciwo ɗaya mu komo gida da biyu.

Naku,
Wani manomi, Dutse, Jihar Jigawa.