Buɗe biro a unguwar zama: takardar fili kaɗai ba ta isa ba

A Sakabal da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Rumbu, cikin gundumar Dakoro, ba abin mamaki ba ne a ga an mai da ɗakin ƙofar gida wurin sayar da magani ko biron aika kuɗi. Da yawa na ganin tun da filin nasu ne, magana ta ƙare. Doka ba ta ce haka ba.

Takardar da kwamitin filaye, wato Cofo, ke bayarwa bisa dokar karkara ta 1993 shaida ce ta mallaka. Abin da za a gina a fili kuwa, da aikin da za a yi a cikinsa, suna ƙarƙashin dokar tsara birane ta 12 ga Afrilu 2017. Izinin gini daga ma'aikatar magajin gari ake nemansa, wadda kantoma ke jagoranta tun bayan rusa majalisun ƙananan hukumomi a 2024.

Wasu sana'o'in suna buƙatar izini na biyu. Mai buɗe ɗakin jinya ko farmasi sai da amincewar ma'aikatar kiwon lafiya, mai lakkol mai zaman kanta kuma sai da ta ilimi. Biyan patanti haraji ne kawai, ba ya maye gurbin izini.

Dalilin ƙa'idar shi ne haƙƙin maƙwabta. Ƙarar janareto da dare, babura a bakin ƙofa, da alluran da aka zubar inda yara ke wasa, duk su ke ɗaukar wahalarsu. Don haka kafin ka sayi siminti, ka fara zuwa wurin mai unguwa da ma'aikatar magajin gari, kada a rufe maka biro bayan ka zuba jarinka.